Misalin bahago da sauran misalan da ake kawowa kan sha'awar jinsi

Malama, kin tambaya ko gaskiya ne abin da kika ji wani likita ya faɗa, wai sha'awar jinsi ɗaya, wato namiji ya yi sha'awar namiji ko mace ta yi sha'awar mace, tamkar zama bahago ce. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu, kuma da wuya mu zo babin gado wannan magana ba ta taso a aji ba, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Misalin bahago yana da inda ya zauna daidai. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, babu wanda ya zauna ya zaɓa, kuma ba ƙwayar gado guda ce ke haddasa shi ba. Binciken da Andrea Ganna da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna kusan haka game da sha'awar jinsi. Sun duba bayanan mutum kusan 500,000, ba su ga wata ƙwaya guda mai yanke hukunci ba, sai ƙwayoyi barkatai, kowace da ɗan tasirinta, jimillar tasirinsu tsakanin kashi 8 zuwa 25 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a kan wannan. Akwai kuma wani kamanci: bahagon da aka tilasta wa yakan koyi rubutu da dama, amma ki jefa masa abu ba zato ki ga hannun da zai miƙo. Haka ma Robert Spitzer, likitan ƙwaƙwalwa wanda a 2003 ya ce wasu sun sauya sha'awarsu, shi da kansa ya janye maganar a 2012, ya nemi gafara.

To amma hannu ana ganinsa, sha'awa kuwa a zuci take. Mai bincike sai dai ya tambaya ya rubuta abin da aka faɗa masa. Abin da mutum yake ji daban, abin da yake aikatawa daban, sunan da yake kiran kansa da shi ma daban, kuma binciken 2019 ɗin aiki ya tambaya: ka taɓa saduwa da jinsinka ko ba ka taɓa ba. Babbar matsalar ma, a ganina, ba nan take ba. Misalin bahago yana amsa tambayar "daga ina abin ya fito" ne kawai, amma masu kawo shi sukan so ya amsa musu "ya dace ko bai dace ba". Wannan muhawarar addini ce da tarbiyya da doka, ɗakin gwaji ba ya yanke ta ga kowane ɓangare.

Wasu kuma sukan kwatanta abin da launin ido, wannan misalin ya fi rauni. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan kullum launin idonsu ɗaya ne. Amma a binciken Bailey da Pillard na 1991, idan ɗayan tagwayen maza yana sha'awar maza, kashi 52 cikin 100 ne kawai ɗan'uwansa ma yake haka, kuma binciken da suka biyo baya sun sami ƙasa da wannan. Kada ki ɗauka sauran kason zaɓi ne kai tsaye, domin yanayin mahaifa ma yana ciki. Wani mai bincike, Ray Blanchard, ya nuna cewa yawan yayye maza da uwa ta haifa kafin yaro yana ɗan ƙara yiwuwar abin.

Masu cewa cuta ce ko jaraba irin ta shaye-shaye su ma misali suke bugawa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Jaraba sai an ɗanɗana take kama mutum, alhali da yawa suna cewa sun fara jin sha'awar tun kafin su aikata komai.

Ɗalibai kuwa sun fi son zancen dabbobi. Gaskiya ne kusan kashi 8 cikin 100 na raguna sun fi neman raguna a kan tumaki, an yi nazarin wannan sosai a Amurka. Yana rushe da'awar cewa babu irin wannan a dabbobi, shi ke nan aikinsa. Duk ɗalibin da ya so ya ɗora hukunci a kansa, nakan tuna masa akwai dabbobin da ke cinye 'ya'yansu, in tambaye shi ko nan ma zai bi su.