Ya ce shi annabi ne, amma sai an biya?

’Yar’uwa, kin ce wani mai addu’a a Sabon Gari ya nemi kuɗi kafin ya faɗa miki saƙon Allah. Kada ki ba shi ko kwabo.

Aikin annabi a Littafi Mai Tsarki ya wuce faɗin abin da zai faru gobe. Annabi Natan ya tsawata wa Sarki Dawuda ido da ido kan ɗauke matar Uriya da ya yi. Elisha kuwa ya ƙi karɓar kyautar Na’aman bayan ya warke daga kuturta. Manzo Bulus ma ya ce a auna kowane annabci (1 Korantiyawa 14:29).

Tsoro yakan sa mutane miƙa kuɗi. Ki kai maganar gaban fastonku da dattawan ikkilisiya. In mai addu’ar ya hana ki shan magani, ki koma wajen likita.