Zan iya shiga gudun fanfalaki na Riyad da kilomita biyar ɗin da na saba yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Jidda ne, shekaruna 43, kuma a shagon kayan masarufi nake aiki. Wata takwas ke nan ina gudun kilomita biyar a bakin teku, a Kornish, sau uku a mako bayan sallar Asuba. Abokaina sun matsa mini in yi rajistar kilomita 42 a gasar Riyad, wadda saura kamar wata huɗu a yi ta, alhali ban taɓa gudu cikin taro ba. Me masu gudu suke fuskanta a ranar, kuma ina iyawa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya ƙara lafiya, domin wanda ya riƙe gudun safe wata takwas bai yanke ba, ga kuma tsayuwar shago, ya riga ya yi abin da yake gagarar mutane da yawa. Sai dai zan gaya maka gaskiya tun daga farko: kada ka yi rajistar kilomita 42 a bana. Ka shiga na kilomita 10, ko kuma na kilomita 21 idan ka cika sharaɗin da zan kawo nan gaba.

Gasar da kake nufi Hukumar Wasanni Don Kowa ta Saudiyya ce take shirya ta. An fara yin cikakkiyarta ranar 5 ga Maris, 2022, aka tashi daga Jami'ar Sarki Sa'ud aka kuma ƙare a can, mutum fiye da dubu goma suka shiga, maza da mata. Daga 2023 zuwa 2025 an yi ta ne a watan Fabrairu, mahalarta kuma suna ta ƙaruwa. Abin da abokanka ba su lura da shi ba shi ne tun a karon farko an raba tseren gida huɗu: cikakken fanfalaki mai kilomita 42.195, rabinsa mai kilomita 21.1, na kilomita 10, da na kilomita 4 wanda iyali da yara suke shiga. Mafi yawan dubban mutanen da kake gani a hotuna sun cika titi, gajerun tseren nan suke yi. Saboda haka wanda ya zaɓi kilomita 10 yana tsakiyar taron, zai maƙala lambarsa a ƙirji, ya bi titin da aka rufe dominsa, ya karɓi lambar yabo a ƙarshe kamar kowa.

Dalilin da ya sa na hana ka cikakken tseren yana cikin jikinka ne. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, a cikin makonni kaɗan mutum yakan ji hakinsa ya ragu, amma ƙashi da jijiyoyi, musamman agara da gwiwa da ƙwauri, watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Kai yanzu kilomita 15 kake yi a mako. Mai shirin cikakken fanfalaki yakan ɗauki mako 16 zuwa 20 yana atisaye, a kan tushen da ya fi naka nisa, har ya kai yana gudun kilomita 30 a fita ɗaya kafin ranar gasa. Idan ka ce za ka haɗe wannan tazara a wata huɗu, huhunka zai ce maka kana iyawa, ƙafarka kuwa ta kai ka ɗakin gashin ƙashi. Na sha ganin haka a hannun waɗanda nake horarwa a nan Riyad, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: ciwon ƙwauri ya fara a mako na shida, mutum ya yi biris da shi, a mako na goma tafiya ma ta gagare shi. Sharaɗin rabin fanfalaki kuwa shi ne ka riƙa ƙara nisa sannu a hankali, kamar kashi goma cikin ɗari a mako, har ka yi kilomita 16 ko 18 sau biyu ba tare da wani ciwo ya biyo baya ba, saura aƙalla mako uku a yi gasar. Kafin duk wannan, tunda ka haura arba'in, ka je a auna maka jini da suga, a duba zuciyarka, balle idan akwai hawan jini a danginku.

Yanzu ga abin da za ka tarar ranar. Abu na farko da yake ba mutumin Jidda mamaki shi ne sanyi. Riyad tana kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, iskarta busasshiya ce, kuma da asubahin Fabrairu ma'aunin zafi yakan sauko wajen maki 10, sannan ya haura 20 idan rana ta ɗaga. Za ka yi sallar Asuba bayan ƙarfe biyar kaɗan, ka tsaya a cikin shingen da aka ware wa rukuninka kana karkarwa, ga lasifika tana tashi, ga mutane ta ko'ina suna tsalle a wuri ɗaya don su ji ɗumi. Ka zo da tsohuwar rigar sanyi wadda ba za ka ji takaicin rabuwa da ita ba, ka kuma kama layin bayi da wuri, domin layin nan yana cinye wa mutane rabin sa'a. Idan aka ba da alamar tashi ba za ka motsa nan take ba, sai na gabanka sun wuce, wani lokaci mintuna da dama kana tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin ka taka layin farawa. Kada wannan ya dame ka. A bayan lambar da ke ƙirjinka akwai 'yar na'ura da take fara ƙidaya lokacinka daga sa'ar da ka taka layin, ba daga sa'ar da aka ba da alama ba.

Daga nan sai wurin da nake so ka fi riƙewa a duk amsar nan, wato kilomita biyu ko uku na farko. Mai gudu shi kaɗai a Kornish ya san taki nasa, yana jin numfashinsa da sautin takalminsa. A cikin taro duk wannan yana ɓacewa. Jiki yana sakin sinadarin da yake saki lokacin tsoro ko murna, zuciya ta ƙara bugu tun kafin ka ɗaga ƙafa, gajiya ta ɓuya, kuma duk wanda ya wuce ka sai ka ji kamar kai ake bari a baya. Mutumin da ya saba yin kilomita ɗaya a minti bakwai sai ya duba agogo ya ga ya yi shi a minti shida, ransa ya yi fari, ya ce yau ƙafa ta yi sauƙi. Wannan mintin bashi ne ya ci, kuma zai biya shi ninki biyu ko uku a ƙarshen tseren. Ni kaina abin da ya same ni ke nan a rabin fanfalakina na farko. Na bi wani saurayi mai jar riga tun daga layin farawa saboda takinsa ya burge ni, kuma da muka kai kilomita 15 cinyoyina suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun siminti, na koma tafiya ina kallon dattawan da na wuce ɗazu suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, numfashinsu a kwance. Tun daga ranar nake koya wa kowa gwaji guda: idan ba za ka iya gaida na kusa da kai da cikakkiyar jimla ba tare da numfashinka ya sarƙe ba, to ka yi sauri, ka rage. A manyan tsere akan sami masu riƙe taki, ɗauke da tuta ko balan-balan da aka rubuta lokacin da za su gama. Ka nemi wanda lokacinsa ya ɗan fi naka jinkiri ka bi shi, ka bar masu sauri su tafi.

Batun ruwa yana da fuska biyu, kuma bushewar iskar Riyad tana ruɗar wanda ya saba da Jidda. A can zufa takan jiƙa maka riga sharkaf, ka san kana zubar da ruwa. A nan zufar tana bushewa tun kafin ka gan ta, sai dai ka shafa goshi ka ji gishiri kamar gari, leɓɓanka su tsage. Don haka ka riƙa kurɓa a wuraren ba da ruwa ko da ƙishirwar ba ta tsananta ba. Kada ka tsaya a teburin farko inda kowa yake turmutsitsi, ka wuce na ƙarshe, ka matse bakin kofin idan na takarda ne, ka sha kana tafiya. Amma wuce gona da iri shi ma haɗari ne, domin ruwa zalla idan ya yi yawa yana tsinka gishirin da ke cikin jini, ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa, har ya kai ga suma. Binciken da aka yi kan masu gudu 488 a fanfalakin Boston na Amurka a 2002 ya gano kashi 13 cikin ɗari sun gama da ƙarancin gishiri a jini, kuma waɗanda suka daɗe a hanya suna ta shan ruwa su ne abin ya fi shafa. Kofi ɗaya ko biyu a kowace tasha ya isa. Haka nan kada ka sha magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen kafin tashi don rigakafi, saboda suna wahalar da ƙoda a lokacin da jiki yake ƙarancin ruwa.

Tunda abokanka cikakken tseren suke kwaɗaita maka, ya kamata ka san abin da yake jiran mai yin sa. Jiki yana ajiye suga a cikin nama da hanta, wanda bai wuce na gudun kilomita 30 zuwa 35 ba ga yawancin mutane. Idan ya ƙare sai jiki ya koma dogaro da kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri, kuma a nan ne za ka ga ƙato ya tsaya cak a gefen titi ya dafa gwiwa, wani sha-raɓarsa ta ɗaure yana ɗingishi, wani yana kuka bai san dalili ba. A daidai lokacin ne kuma rana ta ɗaga, 'yan kallo sun ragu, titin ya yi faɗi ya miƙe ba inuwa. Masu gogewa suna rage kaifin wannan ne da cin abu mai zaƙi kaɗan-kaɗan tun daga sa'ar farko, kuma mu a ƙasar nan Allah ya hore mana dabino, wanda biyu ko uku a aljihu suna yin aikin da 'yan fakitin zaƙi masu tsada suke yi. A kilomita 10 ba ka buƙatar cin komai a hanya. A kilomita 21 kuwa ka ci, amma wanda ka riga ka gwada a atisaye.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu inda maganar ta fi zama daidai kamar nan. Takalmin da za ka sa ya zama ka yi gudu da shi makonni, safa ma haka, domin sabon takalmi bororo yake haifarwa tun kafin a yi rabi. Rigar da za a ba ka tare da lambarka ka adana ta sai bayan gasa. Ka shafa man baslin a matsematsi da hammata da kan nono, wuraren da tufa take gurzawa har su yi jini. Idan kana son wando mai rufe gwiwa, kamar yadda da yawa daga cikinmu suke so, akwai masu sauƙi da ba sa riƙe zufa, sai dai shi ma ka saba da shi tun yanzu. Daren gasa ka ci abin da cikinka ya sani, shinkafa ko taliya ba yaji da maiƙo da yawa, ka bar kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama ta Larabawa, da naman rago sai an gama. Da safe shayi da burodi da ayaba sun wadatar, sa'a biyu kafin tashi.

Akwai alamun da ba a jayayya da su: ciwo ko matsi a ƙirji, jiri, ganin duhu-duhu, ko ka ji tsigar jikinka tana tashi da sanyi alhali rana tana dukanka. Duk wanda ya zo maka a cikinsu ka tsaya, ka ɗaga hannu, ma'aikatan lafiya suna nan a kan hanya saboda haka. Gajiya da nauyin ƙafa kuwa na kowa ne, kuma babu laifi ka yi tafiyar minti ɗaya ka ci gaba.

Ƙarshen tseren shi ne abin da yake mayar da mutane kowace shekara. Za ka fara jin lasifika tun daga nesa, mutanen da ba su san ka ba suna tafa maka suna cewa "yalla, yalla", ƙafar da ka ɗauka ta mutu ta farfaɗo a mita ɗari biyun ƙarshe. Na taɓa tsayawa a bayan layin gamawa na ga wani dattijo mai furfura ya taka shi, bai ko kalli mai miƙa masa lambar yabo ba sai da ya koma gefe ya yi sujada a kan kwalta, sannan ya tashi ya rungume wani baƙo da suka yi kilomitocin ƙarshe tare. Kai ma idan ka iso kada ka zube nan take, ka ci gaba da takawa minti goma, ka sha ruwa, ka ci wani abu, ka sa riga busasshiya.

Game da tafiyar kuma, tsakanin Jidda da Riyad kusan kilomita 950 ne a mota, jirgin sama kuwa sa'a ɗaya da rabi. Ka nemi izinin mai shagonku tun yanzu, ka iso aƙalla kwana ɗaya kafin gasar domin karɓar lambarka, da iƙamarka, wato katin izinin zamanka a Saudiyya, a hannu, ka kuma duba shafin masu shirya gasar don sanin inda za a tashi, tunda wurin yakan sauya daga shekara zuwa shekara kuma ana rufe tituna tun da duhu. Idan da mota ka zo, kada ka kama hanyar komawa a ranar, ka kwana. Tsamin jiki ba ya nuna kansa sosai sai washegari zuwa kwana na biyu, kuma saukowa daga matakala shi zai fi ba ka wuya, don haka ka roƙi abokan aikinka su ɗauke maka ɗagawar katan-katan na kwana biyu ko uku bayan ka dawo.