Injin gem mai mutuwa a tsakiyar wasa

Malam, ka ce tsohon injin gem ɗinka mai akwati, irin wanda ake jefa wa kuɗi, yana mutuwa ya sake tashi ana cikin wasa. Fara da auna wuta. Sa mitar auna wuta a bakin fanel ɗin wasan, wato allon lantarkin da ke cikin injin, ya kamata ka ga bolt 5 zuwa 5.1. In ta gaza, akwatin wutar na da ɗan abin murɗawa, ƙara a hankali.

Nawa dai ƙurar hunturun Maradi ce ta toshe haƙoran fanel, wato 'yan layukan ƙarfen da ke bakinsa, na goge da abin goge fensir, shi ke nan. Amma ka kiyayi jar wayar nan mai hular roba a bayan gilashin talabijin ɗin injin. Ko an zare soket wutar na nan kwance, kuma jifa take da mutum.