Ƙofar ƙarfe mai soso a ciki: tana hana zafi da gaske, ko tallar mai shago ce?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ina gini a Sakkwato, har an kai matakin sa ƙofofi, kuma ƙofar falona yamma take kallo. Wani mai shago ya nuna mini ƙofar ƙarfe 'yar waje, baƙa, mai ado irin na maƙera da gilashi a tsakiya. Ya ce an ɗura mata soso a ciki, zafi ba ya ratsa ta, zan ga sauƙi a kuɗin wuta da na man janareta. Kuɗinta ya kusa ninka na wadda mai walda zai haɗa mini. Da na gaya wa ƙanena da ke zaune a Kanada, sai ya ce kada in kuskura, wai irinta ce a gidan da yake haya, lokacin sanyi har ƙanƙara take yi ta ciki. To maganar wa zan kama?

Amsa:

Wa'alaikumussalam Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya, a shiga lafiya.

Su biyun duka ba wanda ya yi maka ƙarya, sai dai kowa rabin zancen ya faɗa. Mai shago ya yi maganar soso ya bar ƙarfen da ke kewaye da soson. Ƙanenka kuma ya ba ka labarin Kanada, alhali gidanka a Sakkwato yake.

Bari in fara da sunan, tunda da shi ake cin kasuwa. Abin da ake kira ƙarfen maƙera, wanda ake dukansa da guduma yana ja har ya ɗauki siffa, shi ne irin wanda kakanninmu ke fitarwa daga tama, kuma da danginsa aka gina hasumiyar Eiffel a Faris a 1889. An daɗe da daina yin sa don kasuwa. Masana'antar ƙarshe da ke yin sa a Ingila, a garin Bolton, ta daina a 1973. Ƙofofin da ake sayarwa yau da wannan suna, ƙarfen zamani ne irin wanda mai waldan unguwarku ke yanka, adon ne kawai na maƙera. Ba aibu ba ne, amma ka san abin da kake biya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ka tuna ludayin ƙarfe da aka manta a tukunyar miya, ka tuna muciya a tukunyar tuwo. Muciya za ta yini a ciki ka kama ta da hannu, ludayi kuwa minti biyu ya isa ya ƙona ka. A ma'aunin da muke auna saurin tafiyar zafi cikin abu, ƙarfe yana wajen 50, katako wajen 0.13, soson poliyuretan da ake ɗura wa ƙofa kuma wajen 0.025. Wato ƙarfe ya fi soson saurin kai zafi sau dubu biyu. Soson kansa ba shi da laifi, shi ne a jikin firij da kular ƙanƙara, kuma kowa ya ga aikinsa. Sai dai ita kular ƙanƙara, jikinta roba ne ciki da waje. Ƙofa kuwa faranti biyu ne na ƙarfe, na waje da na ciki, kuma a yawancinsu an haɗa biyun da ƙarfe a duk gefuna, an sa sanduna a tsakiya don ƙarfi, an walde adon a jiki, sannan firam ɗin da ke cikin bango ƙarfe ne guda daga waje har ciki. Zafi ba ya tsayawa jayayya da soso. Zagayawa yake yi ta gefe, kamar ruwan sama da ya tarar an toshe kwata. A lissafin takarda, bakin ƙarfe mai kaurin milimita 2 yana kai zafi daidai da soso mai faɗin mita 4. A aikace abin bai kai haka muni ba, domin iskar da ke lulluɓe da fuskar ƙofa tana rage gudun, amma dai ka ga ta inda ɓarnar ke bi.

Maganin wannan shi ne abin da zan kira shingen zafi: a yanke ƙarfen gida biyu, a sa wata roba mai tauri a tsakani, a ƙyauren da firam ɗin har da dokin ƙofa, ta yadda babu inda ƙarfen waje ya taɓa na ciki kai tsaye. Ƙofa mai soso daban, mai soso da shinge daban, kuma tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce. Ina kyautata zaton ta gidan ƙanenka mai soso ce marar shinge.

Ga abin da ke faruwa a can. A gari irin Winifeg, daren Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri, cikin gida kuma ana riƙe da shi a wajen 21. Tazarar digiri 40 ke nan ko fiye, dare da rana, wata da watanni. Iskar cikin gida tana ɗauke da tururin girki da wanka da numfashi, kuma a irin wannan ɗumi, duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 7 zai fara tara raɓa. Firam marar shinge yana wuce nan nesa, sai raɓar ta daskare, ta narke da rana, ta jiƙa katakon ƙasa, fenti ya kumbura, tsatsa ta kama. A ƙasar sanyi, sayen ƙofar ƙarfe marar shinge asarar kuɗi ce, ba na ko tantama. Shi ya sa hukumominsu suka sa doka da lamba. Ana kiranta lambar U, tana nuna yawan zafin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya a kowane digiri na tazara, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. A Ingila, tun 2022, ƙofar da za a sauya a tsohon gida ba a so ta wuce 1.4. A Amurka ƙofa marar gilashi ba ta samun tambarin Energy Star, wato shaidar kayan da ba sa ɓarnar makamashi, sai ta kai 0.17 a ma'auninsu, wanda ya yi kusan 1 a namu. Ka lura da wannan bambancin ma'auni, don mai sayarwa zai iya nuna maka lambar Amurka ka ɗauka ƙofar ta fi ta kowa.

To mu dawo Sakkwato. A ce bazara ce, waje 42, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki falo yana 26. Tazara 16 ce kacal, kuma ta wasu sa'o'i. Ƙofar falo ba ta cika wuce murabba'in mita 2 ba. Idan faranti ɗaya ce irin ta mai walda, lambarta wajen 6, kuma tana cikin inuwa, zafin da za ta shigar bai wuce wat 200 ba. Mai soso da shinge za ta shigar da wajen wat 50. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya tana kwashe kusan wat 2,600. Ka ga in a inuwa ƙofar take, ribar da mai shago ke yi maka alkawari ba za ka gan ta a kuɗin mai ba sai da tabarau.

Amma taka yamma take kallo, kuma baƙa ce, a nan lissafi ya canza. Daga azahar zuwa bayan la'asar rana tana dukan ta fuska da fuska, daidai lokacin da iskar gari ta fi zafi. Baƙin ƙarfe a irin wannan rana yakan kai digiri 70. Duk wanda ya taɓa jingina da get da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu ba sai an yi masa bayani ba. Faranti ɗaya a wannan hali yana zuba wa falo sama da wat 500, kamar ka ajiye ƙaramin rishon lantarki a bakin ƙofa kana kuma biyan kuɗin sanyaya ɗakin. Mai soso marar shinge za ta rage wannan, wataƙila zuwa rabi. Rumfa ko baranda mai zurfi da ta hana ranar isowa kuwa za ta mayar da shi wat 200 ɗin nan na inuwa, ko da ƙofar ta mai walda ce. Wato inuwa kaɗai ta yi aikin da soso ya yi, har ta ɗara. Magina na dā da suke cusa ƙofa can cikin zaure, bayan katanga mai kauri, sun san abin da suke yi. Ranar yamma ƙasa-ƙasa take zuwa, saboda haka ɗan rufi a saman ƙofa ba ya isa. Sai baranda mai zurfi, ko katangar ado mai huda-huda a gaba, ko bishiya.

Akwai kuma wata matsala da soson kansa ke jawowa, wadda ba a faɗa a shago. Na taɓa zuwa wani gida da maigidan ya sauya makulli har sau biyu, yana zagin masu makullai. Da safe ƙofa lafiya lau, da dare lafiya lau, amma da la'asar sai an sa kafaɗa kafin sakata ta shiga. Na ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a fuskar ƙofar da ƙarfe huɗu, sai ga tsakiyarta ya turo waje kamar bayan akushi. Dalili kuwa, ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi: ƙofa mai tsawon mita 2.1 da zafinta ya ƙaru da digiri 40 tana ƙara kusan milimita 1. Farantin waje ya miƙe, na ciki soso ya kare shi bai miƙe ba, dole ƙyauren ya lanƙwashe. Ƙarin ingancin soso, ƙarin lanƙwasa. Aka yi mata fenti mai haske, aka kafa rumfa, makullin nan na uku yana nan har yau.

Gilashin ma kada ka raina shi. Gilashi falle ɗaya lambarsa kusan ɗaya da farantin ƙarfe, ga shi kuma yana barin hasken rana ya shigo da zafinsa gaba ɗaya. Mai falle biyu da iska a tsakani yana wajen 2.8, mai shafin da ke mayar da zafi kuma yana iya sauka kusa da 1.1. A ƙasar zafi abin tambaya shi ne kaso nawa na zafin rana yake bari ya wuce. Kashi 25 cikin ɗari ko ƙasa shi ake nema. Abin da nake so a irin waɗannan ƙofofi shi ne, a yawancinsu gilashin yana buɗewa shi kaɗai, ƙarfen adon yana kulle. In ka sa raga, da dare ka buɗe gilashi iska ta shigo, ɓarawo da sauro suna waje. Ga gidan da wuta ba ta zama, wannan ya fi soso amfani.

Sai robar gefe da ta ƙasa. Da hunturu, ƙurar da kake sharewa a bakin ƙofa kowace safiya ta nan ta shigo, kuma ta nan sanyin na'urarka ke fita da bazara. Tazarar rabin santimita a ƙarƙashin ƙofa tana iya cinye duk ribar soson. Ka shiga ciki da rana, a rufe, ka duba: duk inda ka ga haske, iska na bi. Rana da bushewar arewa suna cinye roba, saboda haka ka zaɓi wadda ake zarewa a sauya.

Da a Legas ko Fatakwal kake gini, da wata magana zan yi. Can laima ce matsala. Iskar waje takan tara raɓa a kan duk abin da ya sauka ƙasa da digiri 24 ko kusa da haka, to in an ƙure na'ura a 20, ƙofa marar shinge sai ta riƙa zufa ta waje, ga gishirin teku, tsatsa ta samu gida. A can shinge da ƙarfen da aka yi wa rufin zinki kafin fenti sun cancanci kuɗinsu. A Jos kuma, inda sanyin Disamba ke sa mutane kwana da rigar sanyi, soso da roba mai kyau za su taimaka wajen riƙe ɗumi, ba tare da an kai ga matsalar Kanada ba.

Ga shawarata a kan naka gidan. Kafin ka ƙara ko naira a kan ƙofa, ka duba rufin falon, domin kwanon da ke samansa ya ninka ƙofar sau goma ko fiye a faɗi, kuma rana na kansa tun hantsi. In ba a sa abin hana zafi a saman silin ba, can ya kamata rarar kuɗin ta fara zuwa, sannan baranda. Bayan wannan, in ƙofar ta burge ka don kyau da tsaro, saya, amma ka nemi mai launi mai haske, ka ce ya nuna maka lambar U ta ƙofar gaba ɗaya har da firam a takardar kamfani, ba ta soson kaɗai ba. In ya ce akwai shinge, ya buɗe ta ya nuna maka layin robar a bakin ƙyaure da cikin firam. Ana ganin sa da ido. In kuma ka koma wa mai walda, ya yi faranti biyu, ya cika tsakani da audugar dutse, wato abin hana zafi mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse, wadda ba ta cin wuta, kuma sai ya gama duk walda kafin ya saka. Kada ya cusa farin soson da ke zuwa a kwalin talabijin sannan ya ɗora wuta a kai, narkewa zai yi ya taru a ƙasa, ka biya kuɗin abin da babu shi. Gwajinsa mai sauƙi ne: ƙwanƙwasa ƙyauren daga sama zuwa ƙasa, inda ya yi ƙarar gwangwani, nan fanko ne.