Tambaya da Amsa: Babbar wuƙata ta fara baƙi, ko an cuce ni ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gab da Babbar Sallah na sayi wata babbar wuƙa a hannun wani maƙeri a kasuwarmu. Bakinta ya kai inci 12, ƙotarta ta katako ce, tana da kube na fata. Ragon layyata ja ɗaya na yi masa, kuma gaskiya na ji daɗin sayenta. To amma bayan mako guda na zaro ta na ga ta yi baƙi-baƙi, ga ɗigon tsatsa kusa da ƙota. Yayana ya ce an cuce ni, da ma irin ta kanti mai ƙyalli na saya. Gaskiyarsa ce? Sannan zan iya sarar ƙashi da ita? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba a cuce ka ba. Wuƙar da ta gama da wuyan rago a ja ɗaya ta biya kuɗinta. Hadisin Shaddadu bin Aus da ke cikin Muslim ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da dabbar, kuma abin da ka yi ke nan.

Yawancin maƙeranmu da tsohon sifirin na mota suke ƙera irin waɗannan wuƙaƙe. Ƙarfe ne mai sinadarin kabon, wanda idan aka gasa shi ya yi ja, aka tsoma a mai, yakan yi tauri ya riƙe kaifi, kuma ba ya wahalar wasawa. Aibinsa ɗaya, ba ya shiri da danshi. Ita kuwa mai ƙyallin da yayanka yake yabo, an gauraya ƙarfenta da kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ya hana ta tsatsa. Akwai masu kyau a cikinsu, amma masu arahar da suka cika kasuwa ƙarfensu laushi gare shi, kafin ka gama fiɗar akuya ɗaya sun dakushe. Ni dai in za a ajiye mini biyun, ta maƙeri zan ɗauka.

Ka bambance baƙi da tsatsa. Baƙin nan da ya hau ta, jini ne da albasa da lemun tsami suke jawo shi, ba ya cin ƙarfe, hasali ma yana ɗan kare shi. Ka bar shi. Jan ɗigon da ke kusa da ƙota shi ne abokin gaba. Ka goge shi da toka da ɗan mai, in ya ƙi ka sa sanfefa mai laushi. Ina kyautata zaton kuben ne ya jawo maka shi: fata tana riƙe danshi, kuma da yawanmu muna mayar da wuƙa kube tun ba ta gama bushewa ba. Daga yau in ka wanke ta, ka tsane ta sarai, ka shafa mata man gyaɗa kaɗan. Kada ka kusanta mata baƙin mai, tunda nama za ta taɓa. In ajiyar watanni za ka yi, ka naɗe ta a busasshen tsumma, kuben ya zauna gefe.

Batun ƙashi kuwa, a'a. Girman wuƙa yana ruɗin mutane su ɗauka adda ce. Bakin da aka siranta don yanka, da ya haɗu da ƙashin cinyar saniya zai ɓantare, wani lokaci ma ya tsage. Leƙa mahauta ka gani, babu mahaucin da ke aiki da wuƙa ɗaya: ga ta yanka, ga ƙaramar ta fiɗa, ga adda ko gatari na ƙashi. Fiɗar ma ban ba ka shawarar yi da inci 12 ba, za ka huda fatar.

Abin da ba ka yi tambaya a kansa ba, kuma shi na fi so ka duba, shi ne ƙotar. Riƙe ta ka girgiza. In ƙarfen ya ratsa katakon har ƙarshe, an kuma kafe shi da ƙusa biyu ko uku, ka yi dace. In kuwa ka ji tana motsi, ka mayar wa maƙerin ya gyara tun kafin ta kuɓuce maka a tsakiyar aiki. Wajen wasawa, dutse da ruwa sun isa. Ka ɗan kwantar da bakin, ka riƙa ja ta kowane gefe daidai wa daida. Injin wasa na kasuwa yana sauri, amma in aka daɗe a kansa zafi yakan kashe taurin bakin, za ka ga wurin ya koma shuɗi.

Ka sama mata wuri mai tsawo inda hannun yara ba zai kai ba. In za ka kai ta wasawa, ka naɗe ta ka sa a jaka, kada ka soke ta a ƙugu. A wannan zamani na faɗan daba, jami'in tsaron da ya tare ka da wuƙa mai tsawon haka ba lalle ya tsaya sauraron labarin ragon layya ba.