Ku Tambayi Masana: Jeri da ArrayList a Java

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malamai, ni ɗalibi ne a shekarar farko ta karatun kwamfuta, ina zaune a Mabera. An ba mu aikin gida a Java, mu zuba ma'aunin zafi na kwana bakwai a cikin jeri, wato int[], mu rubuta metod biyu, wato ƙananan sassan shiri masu yin aiki guda-guda: ɗaya ya fitar da mafi ƙanƙanta, ɗaya ya fitar da matsakaici. Lambobina su ne 41, 43, 42, 40, 44, 39, 42. Na farkon kullum 0 yake ba ni, na biyun kuma 41 cif, alhali kalkuleta ta ce 41.57. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ko da ba ka turo mana shirin ba, alamu sun nuna ka fara da int karami = 0, sannan ka bi lambobin kana tambayar kowace ko ta gaza karami. To wace rana zafin Sakkwato zai gaza sifili? Tunda babu lambar da ta gaza shi, sifilin da ka ajiye da hannunka shi zai dawo maka. Gyaran shi ne ka ɗauki lambar farko ta jerin a matsayin mafari, ka soma gwadawa daga ta biyu:

static int mafiKarami(int[] zafi) {
    if (zafi.length == 0) throw new IllegalArgumentException("jerin fanko ne");
    int karami = zafi[0];
    for (int i = 1; i < zafi.length; i++) {
        if (zafi[i] < karami) karami = zafi[i];
    }
    return karami;
}

Wannan zai ba ka 39. Ka lura da alamar < da ke cikin zagayen. Gurabun jeri daga 0 ake ƙirga su, don haka jeri mai abu bakwai gurbinsa na ƙarshe 6 ne. Da zarar ka rubuta <= sai shirin ya nemi gurbi na 7, babu shi, ya tsaya da ArrayIndexOutOfBoundsException. Layin farko na cikin metod ɗin kuwa, mai duba ko jerin fanko ne, ba ado ba ne. Jerin da ba kowa a ciki ba shi da zafi[0], kuma gara metod ya faɗi hakan ƙarara da ya mayar da wata lambar ƙarya.

Batun matsakaici: jimillar lambobinka 291 ce. A Java in ka raba int da int, wato cikakkun lambobi marasa ɗigo, amsar ma int ce, ana yanke abin da ke bayan ɗigo a yar, ba a ko cike shi zuwa sama. Shi ya sa 291 / 7 ya zama 41. Ka rubuta (double) jimla / zafi.length, metod ɗin kuma ya mayar da double, wato lamba mai ɗigo. Zuba amsar a cikin double bayan an gama rabawa ba zai yi magani ba, 41.0 za ka gani, don ɓarnar ta riga ta auku.

TAMBAYA: Ina da jeri biyu, ɗaya na sunayen ɗalibai, ɗaya na makinsu. Na rubuta metod da ke tsara makin da Arrays.sort don ya fitar da uku mafiya yawa. Bayan na kira shi sai na ga makin kowa ya koma kan sunan wani. Ni kuwa ban taɓa jerin asali ba, wanda ke cikin metod kawai na tsara. Daga wata 'yar'uwa a Arkilla.

AMSA: 'Yar'uwa, kin taɓa shi, ba ki dai sani ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da muka fi so masu koyo su tsaya a kanta. Idan kika miƙa wa metod lambar int guda, kwafinta yake karɓa, duk abin da ya yi mata can ya ƙare. Jeri ba haka yake ba. Abin da ake kwafa a miƙa shi ne adireshin inda jerin yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamar ki yanko makullin shago na biyu ne ki ba wani: makulli biyu, shago ɗaya, in ya shiga ya sauya wa kaya wuri, ke ma a haka za ki tarar da su. Arrays.sort kuwa a cikin jerin da aka ba shi yake aikinsa, ba ya ƙirƙirar sabo.

Maganin gaggawa shi ne ki sa wannan a farkon metod ɗin, ki tsara kwafin:

int[] kwafi = Arrays.copyOf(maki, maki.length);

Kada ki rubuta int[] kwafi = maki, wannan wani sunan ne kawai kika ƙara wa jeri guda. Ki kuma tuna tsarin daga ƙarami zuwa babba yake tafiya, ukun da kike nema suna ƙarshe.

Amma a ganinmu tushen matsalar jeri biyun nan ne. Duk bayanan da dole su tafi tare bai kamata a raba musu wuri ba. Ki gina class, wato sabon nau'in bayani naki na kanki, mai suna Dalibi da ke riƙe da suna da maki, ki zuba su a List<Dalibi> guda. Nan ko ya aka juya su, suna ba zai rabu da makinsa ba. Kuma kafin ki rubuta kowane metod ki yanke shawara: zai sauya abin da aka ba shi ne, ko sabo zai mayar? Ki bar sunansa ya nuna wanne ne.

TAMBAYA: Ina rubuta ɗan shiri na lissafin kayan shagon mahaifina a Tsohuwar Kasuwa. Ina so in cire duk kayan da suka ƙare daga ArrayList, wato jerin da ake iya ƙara masa abu ko a cire. Da na yi amfani da for-each sai ya ce ConcurrentModificationException. Da na koma zagaye mai i, kuskuren ya ɓace, amma wasu kayan da suka ƙare suna nan.

AMSA: Zagayen for-each da Iterator yake aiki a ɓoye, wato abin da ke bin abubuwan jeri ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana lura da ko an sauya jerin ba ta hannunsa ba. Ka cire abu a tsakiyar tafiya, a mataki na gaba zai tsayar da shirin. Abin da ya fi haɗari, in wanda ka cire shi ne na biyun ƙarshe, zagayen zai ƙare shiru babu kuskure, na ƙarshen kuma ba a duba shi ba.

Na biyun ka gwada shi a takarda da adadi uku: 0, 0, 5. Lokacin da i yake 0 ka cire sifilin farko, sauran suka matso, jerin ya zama 0, 5. Sai i ya koma 1, ya faɗa kan 5, sifili na biyu ya tsallake. Duk inda kaya biyu da suka ƙare suke maƙwabtaka, ɗaya zai tsira. Ko dai ka bi jerin daga ƙarshe zuwa farko, ka fara da i = kaya.size() - 1, ko ka yi amfani da removeIf, wanda ya zo da Java 8 a 2014:

kaya.removeIf(k -> k.adadi == 0);

Mun fi ba ka shawarar wannan, layi ɗaya ne kuma babu wurin yin kuskuren ƙirga. Ka kiyaye wani tarkon kuma: a List<Integer>, remove(1) abin da ke gurbi na 1 yake cirewa. In lambar 1 ɗin kanta kake son cirewa, sai ka rubuta remove(Integer.valueOf(1)).

TAMBAYA: Na buga System.out.println(maki) sai na ga wani abu kamar [I@ da haruffa barkatai. Kwamfutata ce ta lalace? Daga Runjin Sambo.

AMSA: Lafiyarta ƙalau. Jeri bai san yadda zai nuna abin da ke cikinsa ba, nau'insa da wata lambar shaida kawai yake bugawa. Ka rubuta Arrays.toString(maki). Haka nan in za ka gwada ko jeri biyu abin da ke cikinsu ɗaya ne, Arrays.equals(a, b) za ka kira, domin == adireshi kaɗai yake dubawa.