Injina tiri fes yake sha, zan iya jawo wuta daga falwaya?

Tambaya: Barista barka da aiki. Ni kafinta ne a Tudun Jukun, gidan haya nake, na mai da garejin gidan wajen aiki. Na sayo injin firar katako daga Kano, sai da aka sauke shi na gane ashe tiri fes (wuta mai layi uku) yake sha, gidan kuma layi ɗaya ne. Wani mai gyaran wuta ya ce in ba shi dubu 40 zai hau falwaya da daddare ya ƙaro min layi biyu ba sai na je ofis ba. Akwai matsala?

Amsa: Malam, don Allah riƙe kuɗinka, kar ka bari yaron nan ya hau falwayar. Matsala kam akwai, kuma kai za ta faɗa wa ba shi ba, domin shi da ya sauko ya karɓi kuɗinsa shikenan, wayoyin kuwa garejinka za a bi a tarar da su.

Daga falwaya har zuwa mita ba hurumin ka ba ne, na kamfanin rarraba wuta ne, mu nan Zariya Kaduna Electric kenan. Duk layin da aka jawo gida ba da izinin kamfani ba satar wuta ce a ƙarƙashin dokar lantarki ta 2023, ana iya kai mutum kotu har da ɗauri. Ko ba a je kotu ba, umarnin da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta sabunta a Janairun 2025 ya sa tarar naira dubu 100 a kan mai layi ɗaya a karon farko, dubu 200 a kan mai tiri fes, sannan su yanke wutar su kuma lissafa maka wadda ka sha a baya. Abin da ya fi damuna ma ba tarar ba ce. Wajen kafinta cike yake da ɗusar katako, waya ɗaya ta yi zafi ta narke gobara ta tashi ta lashe ɗakin maƙwabci, to diyya a wuyanka take, kuma wane lauya ne zai tsaya gaban alƙali ya kare wayarin da aka yi cikin dare babu takarda? Allah Ya kiyaye.

Hanyar da ta dace ba ta da wani wuya, sai dai tana son haƙuri. Fara da mai gidan. Haya ka karɓa don zama, mai da gareji wajen sana'a da canja wayarin gida duk suna buƙatar yardarsa, kuma a rubuce nake so ba "ai mun yi magana bayan sallar Isha'i" ba. Ku rubuta waye zai biya kuɗin aikin, da sunan wa mitar za ta fito, in ka tashi me za ka cire me za ka bari. Rigimar da nake yawan gani kenan, ɗan haya ya kashe kuɗi mai yawa, ranar tashi mai gida ya ce duk abin da aka kafa a bango nasa ne. Idan takardar filin ta zama ce kawai, shi mai gidan ya leƙa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kan batun canja amfani.

Bayan nan ka nemo ma'aikacin wuta mai shaidar NEMSA, ita ce hukumar da ke tantance masu wayarin, ka ce ya nuna maka katinsa kar ka ji nauyi. Shi zai duba farantin da ke jikin motar injin ya ga kilowat nawa ne, ya zaɓi kaurin waya da bireka, ya binne sandar atin, mai kare mutum daga jan wuta, a ƙasa. Sai ka rubuta wa kamfanin takardar neman a mai da kai tiri fes da mitarta, su zo su duba ko layukan sun iso titinku kuma taransifoma za ta ɗauka. Kowane kuɗi ka biya a asusun kamfani ka karɓi rasit, banda hannu da hannu. In an yi ta ja maka rai ka kai ƙorafi a rubuce sashen ƙorafinsu, in kwana 15 na aiki suka wuce shiru ka wuce dandalin sauraron ƙorafi na NERC a Kaduna, kyauta ne.

In kuma injin ƙarami ne akwai na'urar da ake kira VFD, tana karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, tunda bayan mitarka za a ɗaura ta ba ka taɓa kayan kamfani ba. Amma bolt 230 take bayarwa ba 400 ba, sai ma'aikacin ya tabbatar motar za ta yarda a juya haɗinta. Janareta mai tiri fes ma halas ne, sai dai ƙara da hayaƙi, maƙwabci na da damar kai ka ƙara kan takurawa, don haka tun kafin ka tayar da injin ka zagaya gidajen da ke jikinka da mai unguwa ku tsayar da lokacin aiki.

Ka turo min hoton takardar hayarka da na farantin injin in duba kafin ka je wajen mai gidan.